Maɗaci: Itacen Da Ya Gagari Rani, Amma Bai Gagari Gatari Ba

Duk wanda ya taɓa shiga Jalingo a cikin watan Maris, lokacin da zafin kwarin Binuwai ya kai matuƙa, ya san darajar inuwa. A wannan lokaci ciyawa ta ƙone, rafin Lamurde ya janye ya bar yashi, itatuwa da yawa kuma sun kaɗe ganyensu sun tsaya kamar an yi musu aski. Amma a cikin wannan hali akwai wani itace da akan hango shi kore shar, ya buɗe rassa a bakin hanya, ko a harabar makaranta, ko a gaban wani tsohon ofis. A gindinsa ne mai shayi kan kafa teburinsa, mai facin taya ya baje kayansa, masu jiran mota kuma su sami wurin fakewa. Wannan itace shi ne maɗaci.

Sai dai in mutum ya matsa kusa ya duba da kyau, zai ga abin da ba a gani daga nesa. Jikin itacen duk tabo ne, daga ƙasa har iyakar inda hannu ya kai, saboda masu sassaƙe. A bayan gari kuwa sau da yawa za a tarar an datse rassansa an bar shi kamar turke. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne, in aka duba kewaye da manyan, da wuya a ga ƙananan da za su gaje su. Tsofaffi ne ke tsaye, baya kuwa babu kowa. Domin a fahimci dalilin haka, lalle ne a fara sanin itacen kansa, da danginsa, da irin halin da Allah ya halicce shi da shi.

ASALINSA DA DANGINSA

Masana ilmin tsirrai sun kasa itatuwa gida-gida, kamar yadda akan kasa mutane zuriya-zuriya. Gidan maɗaci suna kiransa Khaya. Wannan suna asalinsa ba na Turawa ba ne, daga harshen Wolof na ƙasar Senegal aka aro shi, kuma wani masani Bafaranshe mai suna Adrien de Jussieu shi ya tabbatar da shi a rubuce cikin 1830. Kafin wannan lokaci an haɗa maɗaci ne gida ɗaya da mahoganin Amurka, saboda katakonsu ya yi kama. Bahaushe kuwa bai wahalar da kansa ba, ya ɗanɗana ɓawon ya raɗa masa suna daga abin da harshensa ya ji. Fulanin Adamawa da Muri suna ce masa ɗalehi, Yarabawa kuma oganwo. Sunan ya shiga bakin jama'a har ya zama ma'aunin ɗaci, shi ya sa akan ce rayuwa zuma ce da maɗaci.

Gidan Khaya reshe ne na wani babban dangi da ake kira Meliaceae. A cikin wannan dangi ne darbejiya take, watau dogon yaro, wadda asalinta ƙasar Indiya ce, aka kawo ta Barno cikin 1928. Wanda ya tauna ganyen darbejiya ya kuma ɗanɗana ɓawon maɗaci ba zai yi mamakin jin cewa 'yan'uwa ne ba. Bambancinsu shi ne darbejiya baƙuwa ce, maɗaci kuwa ɗan ƙasa ne.

Mafi yawan littattafai sun lissafa iri biyar a gidan Khaya, kuma dukansu 'yan Afirka ne. Na farko shi ne maɗacin da aka sani a ƙasar Hausa, Khaya senegalensis, wanda ya fi sauran jure fari. Na biyu shi ne Khaya grandifoliola, mai faɗin ganye, mazaunin bakin kurmi, wanda ya bazu daga Gini har Sudan da Yuganda. Na uku shi ne Khaya ivorensis, ɗan kurmin bakin teku daga Kwaddibuwa zuwa Angola, wanda kan kai mita 60, kuma 'yan kasuwar Turai suka san katakonsa da sunan mahoganin Legas. Na huɗu shi ne Khaya anthotheca, wanda ya taso daga Saliyo ya ratsa har gabashi da kudancin Afirka. Irinsa ne shahararren itacen nan na dajin Chirinda a Zimbabuwe, wanda tsawonsa ya haura mita 60. Na biyar, Khaya madagascariensis, ba a samunsa sai a tsibirin Madagaska da tsibiran Komoros.

KAMANNINSA

Maɗacin Arewa, in ya sami ƙasa mai zurfi da laima, yakan kai mita 30, watau kusan ƙafa 100, kaurin gangar jikinsa kuma ya wuce mita guda daga gefe zuwa gefe. Ba shi da miƙewar 'yan'uwansa na kurmi, domin yakan yi rassa tun bai yi nisa ba, shi ya sa inuwarsa take da faɗi. Ɓawonsa toka-toka ne mai duhu, mai ɓamɓaroki, amma in aka sare shi sai a ga ciki ja, yana tsattsafo da wani ruwa mai danƙo.

Abin da mutane kan ɗauka ganye ɗaya ne, a wurin masana yanki ne kawai na ganyen. Cikakken ganyen maɗaci wani siririn tsinke ne mai ɗauke da ƙananan ganyaye biyu-biyu suna fuskantar juna, daga jeri biyu zuwa shida, babu tilo a ƙarshe. Kowannensu bai cika wuce tsawon tafin hannu ba, samansa na sheƙi. A nan ne ake rarrabe shi da ɗan'uwansa mai faɗin ganye, wanda nasa kan ninka wannan girma.

Mutane da yawa suna zaton maɗaci ba ya zubar da ganye. Yana zubarwa, sai dai ba ya yarda a gan shi tsirara. Da rani tsofaffin ganyaye kan faɗi da kaɗan-kaɗan, sababbi na fitowa nan take, da farko ja-ja, daga baya su rikiɗe su koma kore. Abin da ya ba shi wannan iko shi ne saiwarsa. Tun yana ɗan tsiro, kafin ya yi wani tsawo a sama, yakan fara tura saiwa ɗaya can ƙasa neman laima.

Furensa ƙanana ne ƙwarai, farare, masu ƙamshi, a cure a ƙarshen rassa, kuma sukan fito ne gab da faɗuwar damina. Namiji da macen fure duk a kan itace ɗaya suke, ƙudan zuma da sauran ƙwari su ke yi musu aikin barbara. Ɗan itacen kuwa wani dunƙulallen ƙoƙo ne mai tauri kamar katako, girmansa ya ɗan fi ƙwan kaza, yana tsaye a kan reshe yana kallon sama. In ya bushe sai ya tsage gida huɗu. Na maɗaci mai faɗin ganye gida biyar yake tsagewa, kuma wannan ita ce alama mafi sauƙi ta rarrabe su. A cikin ƙoƙon akwai iri jere bisa jere, shafaffu, masu ruwan ƙasa, kowanne da siririn fiffike kewaye da shi, domin iska ta ɗauke shi ta kai shi nesa da inuwar uwarsa.

TARABA, MAHAƊAR 'YAN'UWA

Maɗacin Arewa ya mamaye wani dogon zirin ƙasa da ya taso daga Muritaniya da Senegal, ya bi ta Mali, da Burkina Faso, da kudancin Nijar, da arewacin Nijeriya, da Kamaru, da Cadi, har Sudan da arewacin Yuganda. Ya fi jin daɗi inda ruwan sama ke tsakanin milimita 650 da 1,300 a shekara. Inda ruwa ya yi ƙaranci, kamar arewacin Katsina da Maraɗi, sai ya maƙale a bakin rafi da fadama. Ambaliyar damina ba ta cika damunsa ba, saiwarsa kuma tana riƙe gaɓar kogi kada ruwa ya zaizaye ta.

Jihar Taraba, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Gongola ran 27 ga Agusta, 1991, tana da wani matsayi na musamman a wannan labari. Ƙasarta ta taso ne daga kwarin Binuwai mai zafi, ta bi ta kwarin kogunan Taraba da Donga, ta hau har ƙololuwar Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, wadda babu tudun da ya kai ta a Nijeriya. A Jalingo da sauran ƙasar Muri, inda ruwan shekara ke kusan milimita 1,000, maɗacin Arewa ne ke sarauta. Amma matafiyin da ya nufi kudu, ya wuce Bali ya shiga ƙasar Gashaka, ko ya gangara Baissa a Ƙaramar Hukumar Kurmi, zai fara cin karo da mai faɗin ganye a cikin kurmin bakin rafuka, dogo, miƙaƙƙe, gindinsa da ƙafafu kamar an yi masa madogara. Watau a cikin tafiyar yini guda mutum na iya ganin iri biyu daga cikin biyar ɗin da duniya ta mallaka. Gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda Gwamnatin Tarayya ta mayar gandun ƙasa cikin 1991, kuma shi ne mafi girma a Nijeriya, yana daga cikin wuraren da wannan dukiya ta saura.

AMFANINSA

Ba don kyansa kaɗai ake son maɗaci ba. Katakonsa ja ne mai duhu, kuma ya fi na sauran 'yan gidansu nauyi da tauri. Masassaƙa na fitar da turmi da jirgin ruwa daga jikinsa, kafintoci kuma na yin ƙofofi, da gadaje, da kujeru. Irinsa yana da mai ƙwarai, shi ne man maɗaci da tsofaffi suka sani.

Makiyaya ma sun san shi. A ƙarshen rani, lokacin da babu ɗanyen haki a ƙasa, ganyen maɗaci na daga cikin abin da ke riƙe shanu har ruwa ya sauka. Shi ya sa akan ga Bafulatani ya hau can ƙololuwa da adda yana saro rassa, garke na jira a ƙasa.

Amma abin da ya fi fito da sunansa shi ne magani. Tun kaka da kakanni ake jiƙa sassaƙensa a sha domin zazzaɓi, da ciwon ciki, da tsutsar ciki, a kuma ba dabbobi. Faransawa da suka tarar da mutanen Senegal na yin haka har laƙabi suka yi masa da kwinin Senegal. A shekarun 1960 masana ilmin haɗa magunguna na Jami'ar Ibadan sun yi suna a duniya wajen tace sinadaran da ke kawo ɗacin itatuwan wannan gida. Duk da haka ya kamata jama'a su sani cewa abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Jiƙon maɗaci ba shi da ma'auni, yawan shansa na iya taɓa hanta da ƙoda, mace mai ciki kuma ba ta da abin da ya fi ta nisance shi. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, gwajin asibiti da maganin likita su ne hanya.

Wani abin mamaki shi ne yadda baƙi suka gane darajarsa. A Hanoi, babban birnin Biyetnam, manyan maɗatai ne ke yi wa tituna da dama inuwa tun zamanin mulkin Faransa. A arewacin Ostareliya an shuka dubban kadada nasa domin katako. Manoman Barazil kuma sun rungumi mai faɗin ganye suna nomansa kamar yadda ake noman kowane amfanin gona. Can nomansa ake yi, a gidansu kuwa sara kawai aka iya.

DALILIN DA YA SA BABU MAGADA

Maɗaci ya iya jure wahala in ya girma, amma wajen haihuwa yana da rauni uku. Na farko, ba ya gaggawa. Sai ya shekara 20 zuwa 25 kafin ya fara ba da iri sosai. Duk wanda aka sare kafin wannan lokaci ya tafi bai bar baya ba.

Na biyu, irinsa ba ya daɗewa. Ƙwayar dawa ko gero na iya shekara a rumbu ta tsira, amma irin maɗaci, saboda man da ke cikinsa, in aka bar shi a zafi 'yan watanni kaɗan sun isa ya mutu. Wanda ya yi sa'a ya tsira kuwa, ga gobarar daji, ga awaki, ga garmar manomi duk suna jiransa.

Na uku, yana da abokin gaba na musamman, wata 'yar tsutsa da masana ke kira Hypsipyla robusta. Ita takan huda kan sabon toho ta shige ciki ta cinye shi. Da kan ya mutu sai itacen ya yi rassa barkatai tun yana ƙarami, ya rasa miƙewar da ake so a katako. Wannan tsutsa ita ce ta sha karya gwiwar malaman daji a Afirka ta Yamma duk lokacin da suka yi ƙoƙarin shuka maɗaci zalla a fili guda.

A kan waɗannan ne hannun ɗan Adam ya zo ya ƙara nasa. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake bi ya sauka zuwa saiwa. In mai sassaƙe ya ɗebi gefe ɗaya, itacen kan yi ƙoƙari ya rufe ciwon. In kuwa aka zagaye shi aka yi masa zobe, an yanke masa maƙogwaro ke nan, zai bushe a tsaye ko da bayan shekara ne. Haka nan binciken da aka yi a Jamhuriyar Benin ya nuna cewa maɗatan da ake yawan datse wa rassa domin shanu ba su ba da 'ya'ya kamar waɗanda aka ƙyale. Ai kuwa dole, tun da a ƙarshen rassan nan ne fure ke fitowa. Tun cikin 1998 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya maɗaci a jerin itatuwan da ke fuskantar barazana.

DARASIN MADOBIYA

Mutanen Taraba ba su bukatar a ba su labarin yadda itace ke ƙarewa, domin sun gani da idonsu. A tsakiyar shekarun 2010 kasuwar madobiya ta buɗe, wadda 'yan katako suka raɗa wa suna Madrid. Masu sayenta a ƙasar Sin suna yin kayan ɗaki masu tsada da ita. Cikin ɗan lokaci injinan yanka suka cika dazuzzukan Bali da Gashaka da maƙwabtansu, garin Garba Chede ya zama matattarar gungume, manyan motoci na ɗiba dare da rana zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Nijeriya ta shiga sahun gaba a duniya wajen fitar da wannan katako. Samari sun sami kuɗi na ɗan lokaci, amma kafin a farga manyan madobiyai sun yi wuyar gani.

Cikin 2016, a taron da aka yi a Johannesburg, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, suka sa madobiya a jerin waɗanda ba a fitarwa sai da izni. Cikin 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Sai dai magani ya zo bayan ciwo ya ci jiki.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mai injin da ya saba da kuɗin katako ba ya ajiye injinsa don madobiya ta ƙare, itace na gaba zai nema, kuma kawo da maɗaci su ne a kusa. A taron CITES na birnin Panama cikin Nuwamba 2022 an sa dukan maɗatan Afirka, tare da kawo, a wannan jeri, dokar kuma ta fara aiki ran 23 ga Fabrairu, 2023. Amma ya kamata a lura, wannan doka ta shafi abin da zai ƙetare iyakar ƙasa ne kawai. Ba ta san da turmin da aka sassaƙa a ƙauye ba, ko katakon da aka kai kasuwar Jalingo, ko buhun sassaƙen da aka loda zuwa Kano. Wannan ɓangare yana hannun gwamnatin jiha, da ƙananan hukumomi, da sarakuna, da su kansu jama'a.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ba mai cewa a daina amfani da maɗaci, domin makiyayi da mai magani da kafinta duk suna da hakki a kansa. Abin da ake bukata shi ne a ci da lissafi. Mai sassaƙe ya ɗebi siririn yanki a tsaye, a gefe guda, kada ya koma wa itacen sai ciwon ya rufe. Makiyayi ya sari wasu rassa ya bar wasu, ya kuma ƙyale itacen ya huta shekara ɗaya ko biyu. A kowace gunduma hakimai da dagatai na iya keɓe wasu manyan itatuwa a matsayin iyaye, waɗanda ba mai taɓa su, musamman na bakin rafi.

Wajen shuka kuwa, hanyar ba ta da wuya. A tsinci iri da zarar ƙoƙo ya fara tsagewa, a shuka shi a leda ba tare da jinkiri ba, a dasa in damina ta kankama, a yi masa shinge saboda awaki, a kuma share ciyawar kewaye da shi kafin lokacin gobara. Kada a jera shi shi kaɗai a fili, a cakuɗa shi da waɗansu itatuwa domin a rage ɓarnar tsutsa. A cikin gari kuma a nisanta shi da gini, saboda saiwarsa tana da ƙarfi. Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a Jalingo cikin 2008, da Kwalejin Aikin Gona ta garin, suna da filin da za a yi renon dashe, suna kuma da ɗaliban da za su iya zagayawa su ƙidaya abin da ya saura, domin ba a iya tsaron dukiyar da ba a san yawanta ba.

Manyan maɗatan da ake sha wa inuwa yau a Jalingo, da Zariya, da Kano, waɗansu mutane ne suka dasa su ko suka ƙyale su suka girma, kuma mafi yawan mutanen nan sun riga mu gidan gaskiya. Wanda aka dasa a daminar bana ba zai ba da iri ba sai jaririn da aka haifa bana ya isa aure. Saboda haka kowace damina da ta wuce ba a dasa ba, shekara guda ce aka ƙara wa 'yan baya ta zama a rana.